Ranar da Inna Ta Ambaci Sunan Ɗan Farinta

Da sunan Allah nake farawa, mai saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Na rubuta wannan ne saboda mata irina da ke riƙe da tsofaffi a gida. Mu mun ɓata wajen wata huɗu muna cewa tsufa ne, ba na so wata ta ɓata ko da sati huɗu.

Surukata ce ta yi ciwon, Inna muke ce mata. Gidanmu a unguwar Koki yake, ɗakinta shi ne na farko in an fito daga soro. A ɗakin nan aka kawo ta tana amarya, a ciki ta haifi 'ya'yanta bakwai, a ciki ta yi takaba. Ni matar autanta ce, Malam, da ke koyarwa a firamare. Shekara ashirin da biyu muna tsakar gida ɗaya da ita, kuma rabin abin da na iya na zaman duniya a bakin ƙofar ɗakinta na koye shi.

Inna mace ce mai kai. A lungunmu in gardama ta tashi kan wa ya girmi wa, ko ina iyakar katangar wane, ko wace ce ta shayar da ɗan wace, wurinta ake zuwa. Ba ta yi boko ba, ba ta ajiye takarda, amma za ta ce maka, "Shekarar da rijiyar gidan maƙera ta rufta aka haife shi, saura kwana tara azumi," a je a bincika a tarar haka ne.

Sannan mutuniyar da ce wajen kunya. Ɗanta na fari, Yaya Alhaji, mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari, ya haura sittin, har da jikokinsa, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. In ya zo gaishe ta ya durƙusa, sai ta amsa tana kallon gefe. In kuma tana da saƙo ni take faɗa wa: "Rabi, ki ce wa wancan rufin soro yana yoyo." Alhali ga shi nan durƙushe a gabanta yana ji. Yaran yanzu dariya abin yake ba su.

Ciwon ya fara ne wajen watan Rajab, kuma a ƙafa ya fara. Sai ta fito daga ɗaki da silifa ɗaya, ɗayar ta zame tun a bakin ƙofa ba ta ji ba. Na ce, "Inna, takalminki." Ta duba ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Ni kam kwanan nan kamar a kan katifa nake tafiya." Bayan sati biyu ta fara cewa yatsun hannunta kamar kiyashi na bin su, carbi yana kuɓuce mata. Sai kuma harshe. Inna da ba ta cin tuwo sai da yajin daddawa a gefe, ta koma cewa miyata ta cika yaji. Na rage, ta ce da saura. Na yi ta ragewa har yara suka fara cewa miyar asibiti nake yi musu.

Abin da ya fi ba ni tsoro alwala ce. In ta tsuguna ta rufe ido za ta wanke fuska, sai ta yi tangaɗi ta dafa bango. In idon a buɗe yake ba ta yi, sai ta rufe. Sau uku na ga haka kafin na gaya wa Malam. Da ya tambaye ta ya jikin, ta ce, "Da sauƙi." Ku kun san mu, ko mutum yana gargara, da sauƙi ne.

Cikin azumi ƙanwarta Goggo Ladi ta zo daga Goron Dutse. Ta ja fatar idon Inna ƙasa ta leƙa, ta ce, "Yaya, ai ba ki da jini ko na sauro." Ta ce a dafa mata zogale, a jiƙa zoɓo ba sukari, a matse ganyen ugu, irin na miyar 'yan kudu, a haɗa da madara. Duk na yi. Malam kuma ya biya kemis aka ba shi wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi rawaya, irin waɗanda ake ba mu a awon ciki. Inna ta juya su a tafin hannu ta ce, "Maganin masu ciki kuka kawo min? To, Allah ya raba lafiya, sai ku fara neman rago." Muka yi dariya har da hawaye.

Kafin Sallah cikin idonta ya ɗan yi ja. Aka kai ta ƙaramin asibitin unguwa aka auna jini, aka ce ya hau. Goggo Ladi ta ce zogalenta ne, Malam ya ce kemis ɗinsa ne. Ni kuwa ina ganin tana bin bango in za ta bayan gida.

Juma'a ta biyu bayan ƙaramar Sallah, Yaya Alhaji ya biyo daga masallaci kamar yadda ya saba. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa. Inna ta ɗago ta dube shi tsakiyar ido, ta ce, "Auwalu, ka ci abinci kuwa? Ka rame."

Ina tankaɗe a tsakar gida, rariyar ta tsaya a hannuna. Yaya ya dube ta. Mutum da furfura a gemu, sai ga shi yana share ido da hannun babbar riga, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa da muryar uwarsa ba. Malam ya so ya mai da abin wasa, ya ce, "Inna ta waye." Ni kuwa ban yarda ba. Wadda ta riƙe abu shekara sittin ba ta sakinsa rana ɗaya don wayewa.

Daga nan abubuwa suka taho a jere. Ta yi sallar la'asar sau biyu. Ta tambaye ni ko an kai wa Baba, mijinta, abinci, shi kuwa ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Wata Talata ta ɗauki mayafi ta ce za ta gaisuwar rasuwa nan bayan layi, gidan da ta shekara hamsin tana shiga. Har azahar ba ta dawo ba. Wata mai sayar da awara ce ta gane ta a Ƙofar Mazugal, zaune a dakalin wani shago, takalmi ɗaya, ƙafar tana jini ba ta sani ba. Ta sako ta a adaidaita sahu ta kawo mana har gida. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah, ko kuɗin motar ta ƙi karɓa.

Washegari aka zauna a soro. Ba na ciki, amma katangar ba ta da kauri. Goggo Ladi, da aka kira a matsayin uwa, ta ce rikicin tsufa ne, haka mahaifiyarsu ta yi kafin ta rasu, ba shi da magani sai haƙuri. Yaya Alhaji ya ce to shi zai ɗauke ta. Gidansa a bayan gari yake, da get da maigadi, zai gyara mata ɗaki mai banɗaki a ciki, ba inda za ta fita ta ɓata. Zai tafi aikin hajji, in ya dawo sai a tashe ta. Ba wanda ya ja, ni ma ban ga laifinsa ba. Tsoro ne da ƙauna suka sa shi.

Da yamma ina shafa mata man zafi a ƙafa, hankalinta ya ɗan dawo kamar yadda yake yi jefi-jefi, ta kama wuyan hannuna. Ta ce, "Rabi, na ji su. Kada ki bari a fitar da ni daga ɗakin nan sai a makara."

Na ce, "Inna, ni wa?"

Ta ce, "Ke dai."

Matar auta ba ta da baki a soro. Abin da na iya shi ne na yi ta yi wa Malam naci a hankali, safe da yamma, har ya yarda mu kai ta babban asibiti kafin Yaya ya dawo.

Zuwan farko muna idar da asuba muka fita, muka tarar jama'a sun cika benci har ƙasa. Muka yanki kati, aka ce sai fayil, aka nuna mana wata taga, aka ce mai tagar ya tafi karin kumallo. Ƙarfe biyu aka ce likita ya ɗauki iya na yau, mu dawo sati mai zuwa. Inna ta wuni a kan tabarmar da na taho da ita, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, sai ma ta raba ƙosanta da wata mata da ta zo daga ƙauye. Ni ce na yi kuka a cikin adaidaita. Wannan ƙorafi ne kuma zan faɗe shi: tsohuwa mai shekara tamanin bai kamata ta bi layi ɗaya da masu ƙarfi a jika ba.

Zuwa na biyu Allah ya haɗa mu da wata likita, mace, ta manyanta, gilashinta rataye a wuya. Ta gaida Inna da ladabi, ta ce, "Ya jiki?"

Inna ta ce, "Da sauƙi."

Likita ta ce, "Inna, da sauƙin nan ki ajiye wa 'yan dubiya. Ni ki ba ni na gaskiyar."

Inna ta yi murmushi ta dube ni, ni kuma na kwashe komai na faɗa, tun daga silifa. Ba ta katse ni ba. Da na zo kan maganar alwala sai ta ajiye biro. Ta sa Inna ta miƙe ta haɗa ƙafafu ta rufe ido, ita tana tsaye a bayanta. Kafin a ƙirga uku Inna ta taho, ta tare ta. Ta duba harshe, ja ne, sumul kamar an goge shi. Ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora mata a idon sawu, ta ce, "Kina jin yana rawa?" Inna ta ce, "Kin ɗora ne?"

Allah ya sa na kwaso duk magungunanta a leda. Likita ta zazzage su a tebur. Ga maganin olsa da Inna ta shekara bakwai tana sha kullum ba wanda ya sake dubawa, ga 'yan rawayan nan. Ta ware su gefe. Ta ce akwai wani sinadari da jijiya da ƙwaƙwalwa ba sa aiki sai da shi, sunansa bitamin B12. Na juya bayan katin na rubuta da rubutuna na ajin yaƙi da jahilci, ta jira har na gama. Ta ce daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, zogale duk albarkarsa ba shi da shi. Ta ce cikin tsoho ba ya iya tatsarsa daga abinci kamar na yaro, shan maganin olsa na shekaru kuma yana ƙara rage shi.

Na ce, "Likita, ai an auna jini an ce ya hau."

Ta ɗaga 'yan rawayan ta ce, "Waɗannan ne suka hau da shi. Magani ne mai kyau a inda ake buƙatarsa. Amma a nan fenti suka yi wa bango, gara tana ci daga ciki."

Ta tambaya ko Inna tana cin nama. Na ce kullum ina sa mata, kwanon kuma wayam yake dawowa. Sai Inna ta ce, "Da wane haƙorin?" Ashe shekara da shekaru jikoki ke cinyewa. Ni kuma ban taɓa zama ina kallon surukata tana cin abinci ba, ajiyewa nake in fito. Tawa kunyar ke nan, ita ma ta ba da tata gudummawar.

Awon wannan sinadari ba a yin sa a asibitin a lokacin, sai wani ɗakin gwaji na kuɗi, kuma ya yi tsada. Da muka dawo gida aka faɗi kuɗin, Goggo Ladi ta ce, "An auna an ce jini ya cika, me kuma za a auna? Ruwansa?" Malam ya dube ni. Na sunkuyar da kai, amma ban tashi daga wurin ba. Aka je aka yi. Kwana tara muka jira.

Da muka kai wa likita takardar ta ce ya yi ƙasa ƙwarai. Maganganunta biyu sun zauna min. Ta farko, "Tsufa gaskiya ne, amma ba duk abin da ya sami tsoho ne tsufa ba." Ta biyu kuma da Malam ya tambaye ta ko abin yana kisa. Ta ce, "Yawanci ba shi ke yin kisan da hannunsa ba. Ƙafa ta mutu, a faɗi, ƙugu ya karye, a kwanta. Tsoho kuwa in ya kwanta, tashi sai ikon Allah." Ba ta yi mana alkawari ba. Ta ce wata mantuwar ba daga nan take ba, ko an yi allura ba ta tafiya. Ƙwaƙwalwar Inna tana sa rai za ta dawo, ƙafar kuwa ta daɗe.

Allurar ja ce kamar zoɓo. A yi yau a tsallake gobe har sati biyu, sannan sati-sati, daga baya wata-wata har iya rayuwa. Maganin olsar ma ta sauya tsarinsa. A ƙaramin asibitin unguwa ake yi mata, ni kuma ina jan layi a kalanda. Satin farko ban ga komai ba sai faɗa, Inna ta ce ma'aikaciyar jinyar hannun maƙera gare ta. Sati na biyu ta daina wuni tana barci. Wata Lahadi ta ɗanɗana miya ta ture kwanon, ta ce, "Rabi, an hana sayar da barkono ne a garin nan?" Na koma madafi ina hamdala ina dariya ni kaɗai. Na koma daka mata nama in zuba a miya, da dambun kifi, da ƙwai, da fura da nono mai kyau. Na kuma koyi zama a gefenta har ta gama ci, ina yi kamar tsintar wake nake.

Sati na uku da na huɗu hawa da sauka ne. Yau garau, gobe ta nemi Baba. Na daina murna da wuri.

A sati na shida maƙwabciyarmu Hajiya Yalwa ta shigo da damuwa. Ƙaramin ɗanta yana neman 'yar gidan Ta-Sallah, wani kuma ya ce kamar sun sha nono ɗaya, in haka ne babu aure. Na tare ta a tsakar gida ina ce mata ƙasa-ƙasa Inna ba ta da lafiya. Sai ga murya daga ɗaki: "Yayansa ne ya sha, ba shi ba. Lokacin da kika yi ciwon nono Ta-Sallah ta shayar miki da Kabiru kwana goma sha ɗaya. Wannan ƙaramin ko a cokali bai sha ba. Je ki ku kai gaisuwa." Hajiya Yalwa ta rangaɗa guɗa a tsakar gidanmu. Ni kuwa na zauna a kan turmi.

Ganin haka Goggo Ladi ta sauya sheƙa. Ita da ta ce ba magani, ta koma shelar cewa an samo allurar hana tsufa, Malam ya sayo mata tata. Kafin sati mata uku a lungunmu sun je kemis nemanta. Da muka koma na tambayi likita. Ta girgiza kai ta ce, "Ki gaya musu ba ta ƙara wa kowa kwana. Mai ƙarancinsa take yi wa amfani, a auna tukuna. Mu in muka ga ya yi yawa a jinin tsohon da ba ya shan maganinsa ba a kuma yi masa allura, ba murna muke ba. Hanta da ƙoda muke dubawa, don wani lokaci alamar wata cutar ce." Na kai saƙo yadda aka ba ni. Goggo ta ce, "Likitoci da rowa."

Yaya Alhaji ya dawo daga hajji a farkon Muharram. Ya zo gaisuwa, Inna ta ce sannu da hanya tana kallon bango, ba ta ƙara ba. Shi kuwa kafin ya tafi ya saba jin sunansa a bakinta, sai jikinsa ya yi sanyi. Malam ya ce masa ai ta samu sauƙi sosai. Ya ce, "Kai kullum kana ganinta, ba za ka gane ba. Yanzu ko gane ni ba ta yi." Ya ce zai bi mu asibiti ya ji da kunnensa, daga nan a sa ranar tashi.

Ranar da muka je likitarmu ta tafi hutu. Wani matashin likita muka samu, Bahaushe, mai ladabi. Ya ce zai gwada ƙwaƙwalwarta.

"Inna, yau wace rana ce?"

"Laraba."

"Wane wata muke ciki?"

"Sha uku ga Muharram."

Ya duba wayarsa ya ce haka ne. Sai ya nuna Yaya ya ce, "Wannan fa, mene ne sunansa?"

Inna ta ja mayafi ta kau da kai. Ya maimaita da ƙarfi, a zatonsa kunne ne. Shiru. Ya ce, "To maigidanki marigayi, ya sunansa?" Shiru. Ya sunkuya yana rubutu, yana ce wa Yaya da Hausa gauraye da Turanci cewa ba ta gane iyalinta, abin ya yi nisa, a sa mata ido sosai. Yaya ya gyaɗa kai, idonsa ya kaɗa.

Ban taɓa magana a gaban Yaya Alhaji ba in ba gaisuwa ba. Amma na ga biron nan rufe mata ɗakinta yake yi. Sai na ce, "Likita, don Allah tambaye ta sunan na biyun."

Ya tambaya. Ta ce, "Sani." Ta jero sauran har zuwa kan Malam, ta zarce kan matansu da 'ya'yansu, har da jaririyar da aka yi sunanta watan jiya.

Likita ya ce, "To na farkon fa?"

Inna ta juyo ta ƙare masa kallo. "Yaro, kai ɗan wane gida ne?"

Ya faɗi unguwarsu nan cikin gari, ya faɗi gidan.

Ta ce, "Jikan Mai-Alkaki? Ubanka ne babba a ɗakinta ko?"

Ya ce e.

"To in ka tashi aiki ka je ka ce ta faɗa maka sunansa. In ta faɗa, ka dawo ni ma in faɗa maka na wancan."

Likita ya rufe fuska da fayil yana dariya. Ya ce, "Wallahi 'mutumin nan' take ce masa, ban taɓa tambayar dalili ba." Ya ja layi biyu a kan abin da ya rubuta, ya ce, "Inna, ki yafe ni." Yaya Alhaji ya tashi ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba. Na sha tunanin abin da ya ji a ransa a wurin, don daga ranar bai sake jin sunansa a bakinta ba, mu kuma abin da muke ta roƙon Allah ke nan.

'Yan'uwana mata, in tsohuwarku ta fara yar da takalmi ba ta sani ba, ko tana tangaɗi in ta rufe ido, ko ta saki wata ɗabi'a da kuka san ba ta saki, kada ku tsaya a kan "tsufa ne". Ku kwashi duk abin da take sha ku kai wa likita, har na kemis, ku tambaya ko za a auna mata wannan sinadari. Wataƙila ba shi ba ne. In kuma shi ne, duk watan da aka ɓata ƙafa ce ke biya. Ta Inna ba ta dawo duka ba, har yau yatsunta a mace suke, da sanda take tafiya. Ina godiya ga likitar nan da ta ajiye biro ta saurari matar gida, Allah ya yi wa zuri'arta albarka. Goggo Ladi ma na gode mata, don duk surutunta ita ta riƙa zama da Inna ranar da nake da wanki.

Ƙafar nan ce ta sa maganar tashi ba ta mutu a asibiti ba. Ranar Asabar da hantsi Yaya ya ajiye mota a bakin lungu, ya shigo da manyan jakunkuna biyu ba komai a ciki. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, kai ya dawo, alhamdu lillahi. Amma ƙafa fa? Malam ya ce likita ta ce faɗuwa ce abin tsoro. Ga dokin ƙofar nan, ga tsakar gida tudu da kwari, ga masai na tsuguno." Duk gaskiya ya faɗa.

Inna tana jan carbi. Ta ce, "Rabi, tambayi wancan, me da me ke cikin ɗakin da ya gyara?"

Ya ce akwai ƙarfen dafawa a jikin bango, da masai na zama, da fitila mai aiki da hasken rana, daɓen kuma ba tudu ko ɗaya.

Ta ce, "Tambaye shi, a cikinsu wanne ne ya fi ni nauyi?"

Ba ta jira shi ba, ta ci gaba.

"Ni in za a ɗauke ni sai an haɗa da Yalwa, da ladanin masallacinmu, da masu zuwa tambaya, da bayan ɗakin nan inda aka binne cibiyarsa. Motar tasa za ta ɗauka? Ƙarfe da masai kuwa ko a kura an turo su."

Yaya ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago, bai dube ta ba, ni ya duba. Ya ce, "Rabi, ki ce mata Litinin magina za su zo." Ya ninke jakunkunansa ya yi sallama ya fita.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo yana laluben aljihu. Ya duba soro, ya ɗaga tabarma, ya tambayi Malam ko ya ga mukullin mota. Inna ta bar shi ya zagaya tsakar gida sau biyu, sannan ta zaro shi daga gefen dardumarta, inda ya ajiye da hannunsa lokacin da ya durƙusa. Ta miƙo min.

Ta ce, "Ungo, ba shi. Kuma ranar allurata ki tafi da shi, a auna masa jinin nan."